Zanen Yaya a Kwandon Shara

Duk wanda ya leƙa shagon surfanin da ke ƙarshen layin teloli, ko da zare kawai ya zo nema, sai mai shagon ya tare shi da tambayar da ba ta haɗa komai da zare ba: aikinka na kwamfuta, a wuri nawa ka ajiye shi? In ka ce wuri ɗaya, to ka jawo wa kanka. Zai biyo ka har bakin titi yana lissafa maka da yatsu, ɗaya a kwamfutar, ɗaya a filas, ɗan ƙaramin faifan ajiyar nan na cikin aljihu, ɗaya kuma a gidan da ba nan kake kwana ba. Mutanen layin sun haddace wannan karatu tsaf. Da sun hango ya riƙo hannun rigar wani baƙo, sai su ce Tsaye ya samu sabon ɗalibi.

Tsaye suke ce masa, kuma sunan bai zalunce shi ba. Mutum ne ɗan shekara hamsin da 'yan kai, siriri, mai furfura a gefen kunne, wanda ba a taɓa ganin ya cinye abinci a zaune ba. A tsaye yake shan shayi, a tsaye yake amsa waya, in kuwa ka ba shi kujera zai ɗora mata ƙafa ɗaya ne ya ci gaba da magana. Shi ne auta a ɗakinsu. Innarsu takan ce wata takwas ya yi a duniya ya miƙe, tun ran nan kuma take nemansa a gidajen maƙwabta. Makaranta ta gagare shi, ba don kansa ba ya ja ba, sai don benci. Ya taɓa tuƙi, ya taɓa sayar da takalma, ya taɓa gyaran famfo, kowanne bai kai shekara ba. Da ya gama zagayensa, yayansa ya kira shi ya ce ya zo shago, akwai aikin da ke son ƙafa.

Shi kuwa Yaya, kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Zai zauna tun safe da fensir da takarda, kansa a sunkuye, sai ka ɗauka barci ya kwashe shi, can ya ɗago da zanen wuyan riga ko na bakin zanin gado wanda ba ka taɓa ganin irinsa ba. Ba ya son magana da masu kawo aiki, ba ya son waya, ba ya son a tsaya masa a ka. Sai aiki ya rabu da kansa: Yaya ne hannu da ido, Tsaye ne ƙafa da baki. Da injin surfani na kwamfuta ya shigo, kowa ya ɗauka Yaya zai ƙi shi, sai ga shi da gilashinsa a kan hanci yana koyo, yana dasa wa kowane zane sawun allura ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ya ɗauka yana kwashe zanensa daga takarda zuwa kwamfuta. Takardun aka cusa a kwali aka jefa saman kabad, gara ta yi bikinta a kansu, ba wanda ya damu, tunda ai komai na cikin kwamfuta.

Shekara shida ke nan da Yaya ya faɗi a bakin ƙofar banɗaki da hantsi. Ya tashi, amma hannun dama bai tashi tare da shi ba, harshe kuma ya yi nauyi. Tun ran nan bai sake riƙe fensir ba. Abin da ya rage na hannun nan a duniya shi ne zane ɗari huɗu da goma sha biyu a cikin wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi, a kan tebur, kusa da injin.

To, ga inda wayon Tsaye ya shigo, kuma wayo ne irin na wanda aka taɓa cuta. Sun yi wani ma'aikaci, babban mutum da gemunsa, wanda suke cin abinci kwano ɗaya da shi. Ashe yana zura filas yana kwasar zane in Tsaye ya fita yawonsa. Ya bar aiki da sallama mai daɗi, ya buɗe shago layi biyu daga nasu. Wata rana Tsaye na tsallaka titi ya ga zanen Yaya a wuyan wani mai babur, an yi shi da zare ruwan ɗorawa mai ihu, an ma karkatar da shi. Ya bi babur ɗin da gudu har mahaɗar titi. Da ya dawo shago yana haki, ya rantse ba za a sake ba.

Ya yi tunanin lambar sirri, sai ya tuna shi kansa mantawa yake yi. Ya yi tunanin ɓoye zanen a wani lungu na kwamfutar, sai ya ga duk lungun da ya sani, ɓarawo ya fi shi sani. Idonsa ya sauka a kan hoton ɗan kwandon nan da ke kusurwar allo. Dama can a ƙarƙashin kwandon guntayen zare yake ajiye makullin shago, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ɗagawa. Wa zai leƙa shara neman dukiya? Ya kwashe zanen Yaya kaf ya zuba a kwandon sharar kwamfuta.

Kullum da safe sai ya buɗe kwandon, ya dawo da zanen da za a yi aiki da shi, ya ɗora a filas, ya loda wa inji, ya goge filas ɗin tas, ya sake jefa zanen a shara. Shekara biyar yana wannan hidima, bai gaya wa kowa ba, har matarsa. In ya tuna dabarar yakan yi murmushi shi kaɗai. Kwafi kuwa bai ajiye ko ɗaya ba, don a lissafinsa duk kwafin da ka yi, ka buɗe wa ɓarawo wata ƙofa ce.

Sai kwamfuta ta fara ciwo. Ta yi zafi, ta yi ƙugi kamar injin niƙa, ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Tsaye ya ɗan bubbuge ta a gefe na 'yan makonni, ta ƙi jin magani, ya rungume ta ya kai wa mai gyara a bayan tashar mota.

A gaskiya ba za a ɗora wa mai gyaran nan laifi ba. Mutum ne mai tsari, mai farin tebur, kowane sukuru da ƙaramin kofinsa. Kafin ya taɓa ta ya tambayi Tsaye ko akwai wani abu mai muhimmanci a ciki. Tsaye ya ce ba komai, tarkace ne. Ya sake tambaya, ya ce in akwai a nuna masa wurin. Tsaye, yana leƙen waje kamar mai jiran mota, ya ce shi dai a gyara masa fanka. Duk da haka bawan Allahn nan sai da ya kwafe duk abin da ya gani a kwamfutar zuwa wani faifan ajiya nasa, takardu da hotuna da wasiƙu, saboda haka yake yi wa kowa. Abu ɗaya ne bai kwafa ba, kuma ba mai hankalin da zai kwafe shi.

Washegari da la'asar Tsaye ya zo karɓa. Kwamfuta ta yi shiru, ta yi sanyi, tana buɗewa kafin ka ƙifta ido. Mai gyara na naɗe waya yana lissafa abin da ya yi, ya canza fanka, ya busa ƙura, ya cire wasu tarkacen da ke cinye mata ƙarfi.

"Na ma zubar maka da shara, Malam," ya ce yana dariya. "Abu ɗari huɗu da goma sha biyu na tarar a ciki. Shekara nawa ba ka share ba?"

Kunnen Tsaye ya yi ɗum, ya ga bakin mutumin na motsi amma ba ya jin komai. Nan ne fa ya kamata ya buɗe baki ya ce, ɗan'uwa, tsaya, kada ka sake taɓa ta, ka zubar da aikin yayana. Kalma goma sha biyu kacal. Amma akwai mutum biyu a kan benci suna jiran nasu gyaran, kuma in ya faɗa, sai ya faɗi inda ya ajiye, in ya faɗi inda ya ajiye, gobe duk layin teloli za su kwana da labarin. Ya ce madalla, an gode, ya rungumi kwamfutarsa ya fito.

A shago ya jona ta. Ya buɗe kwandon, fari fat. Ya rufe ya sake buɗewa. Ya kashe kwamfutar ya kunna, wai ko za ta tuna. Ya zagaya injin sau uku, ya fita bakin ƙofa, ya dawo ya sake buɗe kwandon, kamar mai duba tukunyar da ya san ba komai a ciki. A cikin injin kansa akwai zane goma sha tara da aka loda kwanan nan, su kaɗai suka rage a hannunsa. Gumi ya jiƙa masa riga har gadon baya.

Maƙwabcinsa mai ɗaukar hoto ne, irin mutanen da ba abin da ba su sani ba. Tsaye ya kira shi, ya ce wasu 'yan fayiloli ne suka goge, bai faɗi ko na mene ne ba. Mai hoto ya ce wannan ai wasan yara ne. Ya zauna ya sauko da wata manhaja ta dawo da abin da aka goge, ya girka ta a kwamfutar. Ta yi bincike ta tsaya a rabi. Ya ce wannan ba ta da kyau, ya sauko da wata. Ita ma ta kawo tarin sunaye marasa kan gado. Ya sauko da ta uku, wata ƙatuwa. Duk wannan Tsaye na tsaye a kansa yana cewa a gwada wancan, a danna nan, a sake. Da mai hoto ya ce wai wataƙila sai an sabunta wasu abubuwa a kwamfutar tukuna, Tsaye ne da bakinsa ya ce a sabunta. Suka ci yammacin nan, suka ci safiyar washegari. Abin da suka tsamo bai wuce tsofaffin hotunan wani taro ba da rabin wata wasiƙa.

Matar Tsaye ce ta tsayar da abin. Da rana ya shigo gida bai ce a kawo abinci ba, yana ta zirga-zirga tsakanin ƙofa da taga. Ta bar shi ya yi sawu goma sha, sannan ta ce, Baban yara, ko ka faɗa ko ka huda mini tabarma. Ya faɗa mata, yana kallon bango. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi salati ba. Ta tambaye shi ko Yaya ya sani. Ya ce a'a. Ta ce to ya ɗauki kwamfutar yanzu-yanzu ya koma wurin wanda ya zubar, ya gaya masa gaskiya, kunyar da yake gudu ai ta riga ta same shi, saura kawai ya zaɓi gaban wanda zai ji ta.

Mai gyara ya saurare shi har ƙarshe, ya dafe kai da hannu biyu. Bai ce me ya sa ba ka faɗa ba, ko da yake an ga maganar ta zo masa har leɓe. Ya rufe shagonsa da rana tsaka, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, amma akwai wadda ta koya masa aiki.

Likita suke kiranta, ko da yake ba ta taɓa duba mutum ba. Ɗakinta na saman wani kantin magani, ana hawa ta wani matsattsen bene mai warin fenti. Ciki fankoki biyu na juyawa, kanta cike da faifan ajiya, kowanne an manna masa farar takarda da kwanan wata. Mace ce mai kimanin shekara arba'in da biyar, ba ta da yawan fara'a, tana magana tana kallon aikinta. Ba ta tambayi dalilin da ya sa mutum zai ajiye dukiyarsa a shara ba. Ta ce ta ga wanda ya fi haka. Tambaya ɗaya ta yi:

"Tun da aka share, an kunna ta?"

Tsaye ya kalli mai gyara, mai gyara ya kalli ƙasa. Tsaye ya fara lissafi, manhaja ta ɗaya, ta biyu, ta uku, da sabuntawar. Yana faɗa tana rubutawa, fuskarta na ƙara ɗaurewa. Da ya gama ta ajiye biro ta tambaye shi sana'arsa, ya faɗa. Ta ce to zai gane. In ka warware ɗinki, ai sawun allura na nan a jikin yadi, mai ido zai iya bi ya mayar da zanen yadda yake. Amma in ka ɗora sabon ɗinki a wurin, ya tafi ke nan. Sharewar da mai gyara ya yi warwara ce kawai, da a ranar aka kawo mata, da wuya a rasa ko ɗaya. Duk abin da suka girka daga baya kuwa, a kan sawun yayansa suka ɗinka shi.

Wannan magana ta fi ta jiya zafi. Jiya yana da wanda zai ji haushi a ɓoye, yau babu, sai shi.

Ta ce ya ba ta kwana uku. Za ta fara kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani, a kan kwafin za ta yi tono, na asalin ba mai sake taɓa shi. Ya tambaya ko zai iya tsayawa ya taya ta. Ta ce taimakon da zai yi mata shi ne ya sauka daga benen nan.

Kwana uku! Ga mutumin da jiran tafasar ruwan shayi ke gagara. Ranar farko ya hau benen sau huɗu. A na biyu ta ce masa ana kan kwafa, a na uku ta nuna masa wani layi a allo da ke tafiya kamar ba ya so, a na huɗu ta ƙi buɗe ƙofa. Ya koma ya tsaya a gaban kantin maganin yana kallon tagarta, har mai kantin ya fito ya tambaye shi ko takardar likita ya ɓatar. A shago ya sa ma'aikata suka yi ta juya zane goma sha taran nan, duk wanda ya zo da wani zaɓi sai a ce masa kwamfuta na wurin gyara. Ya share shagon da ba ya buƙatar shara, ya warware wani ƙullin zare da ya shekara a aljihun tebur, ya yi wa mai kawo yadi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya bi shi ya ba shi haƙuri.

Mafi wuya shi ne la'asar. Tun da Yaya ya kwanta, Tsaye bai taɓa fashin zuwa gaishe shi ba bayan an tashi daga aiki. Yakan same shi a kujerarsa ta roba a baranda, hannun dama a kan cinya, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Yaya zai ɗago ya ce, da harshensa mai nauyi, Auta, ya aiki? Shi kuma ya ce lafiya lau, ya ba shi labarin layi. A kwanakin nan ma haka ya ce, lafiya lau, amma ya kasa haɗa ido da shi. Ya yi ta gyara labulen da ba abin da ya same shi, ya duba mitar wuta, ya tambayi matar Yaya ko famfonsu na zuba. Yaya na binsa da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan. A rana ta biyu ya ce masa, yau kuma tsayuwar taka ta fi ta kullum. Tsaye ya ce ƙafarsa ce ke masa ciwo in ya zauna, ya yi sallama tun ba a kawo ruwa ba.

A hanya ya yi ta shirya yadda zai faɗa, yana rushewa. Ya san Yaya ba mai faɗa ba ne, kuma shirun nan nasa ne abin tsoro. Mutumin da ya zauna shekara talatin yana sunkuye, ya miƙa maka duk abin da hannunsa ya bari, kai kuma ka zuba a shara da hannunka. Da wane baki?

Rana ta uku da hantsi Likita ta kira. Ya hau benen bibbiyu. Ta juyo masa da allo, ga su nan jere, ƙananan hotuna, ganye da reshe da taurari da igiyoyi masu sarƙa, hannun Yaya sak. Ya dafa bango. Ta ce ɗari uku da hamsin da huɗu sun fito lafiya, ta buɗe kowanne ta gani. Hamsin da takwas sun tafi. Wasu babu ko alamarsu, wasu kuma sun fito rabi, ta nuna masa ɗaya: reshe ya taso da kyau, ya kai tsakiya, sai zare ya haukace ya yi ta kai da kawowa a fili. Ta ce ta gwada duk abin da ta sani, kada ya ɓata ƙafarsa zuwa wani wuri.

Ta ƙara da cewa akwai wata matsalar. Zanen sun dawo, amma sunayensu ba su dawo ba. Ya duba ƙarƙashin hotunan, sai lambobi da haruffa a cakuɗe.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a shagon nan. Yaya bai taɓa sa wa zane lamba ba, suna yake raɗa musu, kuma da sunan tsofaffin masu kawo aiki ke nema. Tsaye ya san na kasuwa, kamar sittin, waɗanda ake nema kullum. Sauran ya sha ganin sunayensu a jere, amma bai taɓa tsayawa ya haɗa suna da fuska ba. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya. Likita ta miƙa masa faifai biyu da filas ɗaya, ta ce kowanne da kwafi cikakke, kada su kwana a ɗaki ɗaya. Ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi jariri.

Ranar hutu ya ɗauki kwamfutar ya kai gidan Yaya, ya ɗora a kan ƙaramin tebur a baranda. Ya faɗi abin da ya faru, da kwandon da mai gyara da mai hoto, yana faɗa yana murza makulli a hannu. Amma da ya zo kan hamsin da takwas ɗin nan, sai harshensa ya kauce, ya ce sunaye ne suka goge. Yaya ya kalle shi. Can gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga.

"A shara, Auta?"

"A shara, Yaya."

Yaya ya yi wata dariya da ta ƙare da tari, ya ce a matso masa da allon. Matarsa ta kawo littafi da biro ta zauna a gefe.

Abin da ya biyo baya, Tsaye bai taɓa ganin irinsa ba tun ciwon. Yana danna hoto, kafin ya gama buɗewa Yaya ya faɗi sunan. Ganyen Safe. Ruwa Ya Tsaya. Kuskuren Talata. Matar Direba Ta Ƙi, wanda aka yi wa wata mata sau uku tana cewa bai yi ba, daga baya ya fi kowanne kasuwa. Harshen da ke tuntuɓe a kan gaisuwa sai ga shi yana fitar da sunaye tar. Wani zanen ya ba da labarinsa, wani ya ce a wuce, bai taɓa son shi ba. Ya ɗaga hannun hagu yana bin layin a iska. Matarsa na rubutu tana share ido da gefen mayafi, tana cewa ƙura ce. Suka yi ɗari biyu ran nan, Yaya ya gaji, ya ce a dawo gobe da wuri, kada a makara.

Washegari suka ƙarasa wajen la'asar. Hoto na ƙarshe ya buɗe, Yaya ya ce Tsani, matarsa ta rubuta. Tsaye ya danna, babu na gaba. Ya tsaya da hannu a kan teburin, yana jiran a ce masa, sauran fa?

Yaya ya jingina da kujera, ya sauke numfashi, fuskarsa a sake.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Sun cika."

Matar Yaya ta rufe littafi. Ga ƙofa a buɗe, ba wanda zai taɓa sani, Likita ba ta san gidan ba, mai gyara ba zai faɗa ba. Tsaye ya kai hannu zai zare waya, ya fasa. Ya je bakin baranda ya dawo.

"Yaya, ba su cika ba. Hamsin da takwas babu. Ni na ɗinka a kansu."

Yaya ya juyo a hankali, ba fushi a fuskarsa, sai mamaki. Ya tambaya wanne da wanne. Tsaye ya buɗe baki, sunayen suka watse masa, sai guda ɗaya da tun jiya yake nema a allon bai gani ba. Shi ne wanda Yaya ya kwaikwayo daga ɗinkin hannu da innarsu ta yi a rigar matashinta, wadda ta yage tun tuni, zanen da bai taɓa yarda a ɗinka wa kowa ba ko nawa za a ba shi.

"Matashin Inna," ya ce.

Yaya ya maimaita sunan a hankali, sau biyu, kamar mai ɗanɗana abin da bai taɓa ci ba. Ya kalli matarsa, ta sunkuyar da kai. Ya dawo da idonsa kan ƙaninsa.

"Ni na zana shi?"

"Kai ka zana shi, Yaya."

"Yaya yake?"

Tsaye ya ɗaga yatsa a iska. Ya ja reshe ya lanƙwasa shi hagu, ya tsaya, ya goge da tafin hannu, ya lanƙwasa shi dama. Akwai ganye, wannan ya tabbata. Ko biyar ne ko bakwai, ya kasa cewa. Yaya ya karkato gaba a kujerarsa, idonsa a kan yatsan, yana jira.